Shekarar da Ban Ga Shamuwa Ba

Kun taso kuna jin kawunku Faisal yana cewa da tsuntsu na biya sadakin mahaifiyarku. Idan kuma ransa ya ɗan ɓaci, yakan ce ni ne mutumin da ya sa kakanku ya yi wata biyu bai hau saman soro ba. Duk biyun akwai gaskiya a cikinsu, sai dai Faisal yakan ɗauko labarin daga tsakiya, ya ajiye shi kafin ƙarshe. Yanzu da tsufa ya fara kama ni, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, tun ina iya tuna warin gishirin da iskar ranar ta ɗauko.

Ina shekarata ta kusa da ƙarshe a jami'a a Madina na san gidan kakanku, Baba Ɗanjuma. Tela ne, shagonsa na wani lungu a Sultana, gidansa kuma na manne da bayan shagon, labule kaɗai ya raba su. Larabawa suna kiransa Ammu Juma'a. Tun yana yaro ya zo da ƙafa daga wani ƙauye gabas da Gumel, bai sake komawa ba, amma Hausarsa tana nan da ƙurarta, irin wadda kakannina suke yi. Na je ne a gyara mini wuyan riga. Ina zaune sai na ji wata murya daga bayan labule tana cewa shayi ya yi, rabi da Larabci rabi da Hausa, sannan wani hannu ya turo faranti. Hannun kaɗai na gani. A wancan lokacin ni mutum ne da ya cika kansa da ƙananan littattafan soyayya da ake bazawa a tabarma a kasuwa, na gida da na Masar, na kuma yarda da duk abin da ke cikinsu. Na fita daga shagon ina jin cewa rayuwata ta rabu gida biyu, kafin farantin nan da bayansa. Har yau ban canza ra'ayi ba. Cikin wata ɗaya riguna uku na kai gyara, ɗaya ma ni na farke ta da hannuna.

Na rubuta wa mai hannun nan, Safiya 'yar Baba Ɗanjuma, wato mahaifiyarku, wasiƙa shafi huɗu, na sa farin wata, na sa taurari, na sa raɓar asuba. Abin da ban yi tunani ba shi ne, yarinyar da aka haifa a Madina ba ta karanta boko. Sai ta kai wa matar wani ɗalibi ɗan Zariya da ke maƙwabtaka da su, ita kuma ta karanta a tsakar gida, a gaban Inna Hauwa, kakarku, da duk matar da ke da kunne a layin. An ce da aka kai wurin da na ce barci ya ƙaurace wa idanuna, Inna Hauwa ta tambaya ko abinci ma ya ƙaurace mini, don ta leƙo ni ta ga na rame, duk wuya ne. Washegari aka turo mini tuwo da miyar kuka ta ƙarƙashin labule. Na ɗauki wannan a matsayin amsa, na roƙi wani dattijon malami ɗan ƙasarmu ya je ya nema mini aurenta.

Malamin ya dawo da amsar da ba ta da kwana. Baba Ɗanjuma ya ce ba shi da abin da zai zarge ni da shi, amma ba zai ba ɗalibi 'yarsa ba, domin ɗalibi yana gamawa yake tafiya. Ni kuwa tafiyar dole ce, na yi wa mahaifina alkawarin zan dawo in riƙe makarantar garinmu. Da na je gaishe shi bayan haka, ya maimaita mini da bakinsa, ƙafarsa na kan keken ɗinki:

“Ruwan tekun nan sau ɗaya na ƙetare shi, ya raba ni da uwata. Ba zan tsaya ina kallo ya raba ni da 'yata ba.”

Ban daina zuwa shagon ba, shi ma bai kore ni ba. Ina zura masa zare a allura, don idonsa ya fara yana, ɗinkin ma yatsunsa ne suka haddace. Wata rana da sanyi ya ja baya, zafi ya fara leƙowa, ya tsayar da keken ya tambaye ni ko shamuwa tana sauka a garinmu. Na ce a tsamiyar da ke tsakar gidanmu ma take yin sheƙa, tun kafin a haife ni. Ya koma kan ɗinkinsa har na zaci ya manta da ni. Sannan ya ce ranar Alhamis in zo bayan sallar asuba, za mu je Yanbu, bakin teku.

Ɗansa Faisal ne ya tuƙa mu a motarsa ta haya. A hanya Baba ya ba ni labarin da 'ya'yansa suka gaji da ji. Ya ce ranar da suka bar gida shi da mahaifinsa, uwarsa tana da tsohon ciki, shi ya sa aka bar ta. Ta rako su har bakin rijiya, ta ce za ta ƙirga dawowar shamuwa, idan ta dawo sau uku su ma su dawo. Mahaifin ya rasu a Sudan kafin su kai ruwa, shi kuma ayari ya wuce da shi, shekara ta bi shekara. A ƙauyensu an yarda cewa idan damina ta wuce, gabas shamuwa take tafiya, ta yi rani a ƙasa mai tsarki, ta koma gida da ruwan sama a bayanta. To da ya girma ya ji masunta suna cewa a irin wannan lokaci manyan tsuntsaye suna bin gaɓar teku, sai ya ce ai su ne, hanyar gida suka kama. Tun daga nan kowace shekara yakan je ya tsaya, idan sun zo wucewa ya ɗaga hannu ya ba su saƙon gaisuwa. Idan ya dawo Madina, Inna Hauwa ta daka gumba a raba wa maƙwabta, shi kuma ya hau saman soro ya binne ƙwayar gero a gwangwanayen madara, kamar yadda ake binne a gona kafin ruwan fari.

A Badar muka tsaya shan shayi. Baba ya zaga alwala, Faisal ya ja ni gefen mota. Shi yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, sai abu ya yi tsanani yake haɗawa. Ranar ya haɗa. Ya ce shekara uku ke nan idon tsohon ba ya kai sama, su ne suke duba masa, shi kuma bai san shamuwa ba ko a hoto. Duk wani garken da ya wuce sai ya ce ga su nan, tsohon ya yi gaisuwarsa, kowa ya koma gida da farin ciki.

“Idan ya tambaye ka, ka ce ka gani. Khalas, shi ke nan. Kai ɗan can ne, maganarka za ta fi tamu daɗi a kunnensa. Wa ya sani, ya ustaz, ko daga nan zuciyarsa ta yi laushi a kan ɗayar maganar.”

Ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, ina so ku riƙe wannan. Son mahaifinsa ne. Ni ma na gyaɗa kai, na ce ba komai.

Da hantsi muka isa. A lokacin garin Yanbu ana ta gine-gine, ko'ina ƙura da manyan motoci, amma can gefe akwai wani filin shan iska a bakin ruwa, da 'yan rumfuna da bencina na siminti da ƙananan itatuwa da aka dasa. Gaba da shi ruwan ya janye ya bar taɓo mai faɗi, da wasu gajerun itatuwa da ke tsaye a cikin ruwan gishiri kamar ba su san gishiri ba ne. Wannan ne karon farko da na ga teku ina tsaye a ƙasa. Faisal ya miƙo mini darbil, madubin hangen nesa da ya saya bayan idon tsohon ya yi rauni. Na sa a idona, sai duniya ta taso ta zo gabana. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran liman. Ga kwasakwasa uku suna shawagi da jakar wuyansu. Ga wasu ƙanana masu saurin ƙafa, suna bin igiyar ruwa idan ta koma, suna gudu idan ta dawo, ba sa gajiya. Can nesa kuma wasu dogaye masu launin hoda, kawunansu a cikin ruwa, sai ka ce furanni aka shuka a teku. Ina faɗa wa Baba duk abin da na gani, yana dariya, yana gyara mini suna, yana tambaya ko zalɓen ya kama wani abu ko tsayuwar banza yake yi. Ban taɓa ganinsa da sakin fuska haka ba. Na ce a raina, ashe yau ranata ce.

Ana gab da azahar suka zo. Daga kudu, can sama, kamar an watsa toka a iska. Suka yi ta kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba, suna saukowa a hankali, har wasu suka dira a kan taɓon. Faisal ya taɓa kafaɗar mahaifinsa ya ce, “Ga su nan, Abuya.” Tsohon ya miƙe, ya gyara hularsa, ya fara ɗaga hannun dama. Sai ya tsaya, hannun a rabin hanya, ya juyo wajena.

“Malam Lawal, kai ka san ta. Faɗa mini yadda suke.”

Na duba. Kyawawa ne ƙwarai, manya, masu dogon wuya. Amma ni da shamuwa muka tashi gida ɗaya. Na san baƙinta mai sheƙi, na san shuɗin da ke fuskarta, na san ba ta kai waɗannan girma ba. Maganganu suka cika mini baki, irin na littattafan nan, da na sake su da tsohon ya yi kuka don daɗi. Na ce masa suna da yawa, sun fi a ƙirga. Ya ce madalla, ƙafafun dogaye ne? Na ce dogaye ne. Cikin fari ne? Na ce fari ne tas. Duk gaskiya na faɗa, na fara jin cewa zan tsira.

“Bayan fa?”

Faisal yana kallona. Na tuna farantin shayi, na tuna tuwon nan. Sannan na dubi hannun tsohon da ke rataye a iska, na tuna cewa wannan hannun uwarsa yake nema. Na ga ba zan iya tsayawa tsakaninsa da uwarsa in yi ado da magana ba, ko da Safiya ce ladan.

“Bayan fari ne, Baba. Bakin fikafikan kaɗai ne baƙi, bakinsu kuma ja. Ba shamuwarmu ba ce. Wasu ne daban.”

Ya sauke hannun a hankali, ya zauna a benci. Ya tambayi Faisal ko na bara ma haka suke. Faisal ya kau da kai ya dubi teku, wannan ya isa amsa. Muka yi sallah a rumfa, aka buɗe abincin da Inna Hauwa ta ƙunsa mana, ba wanda ya ci. Tsuntsayen suka tashi suka nufi arewa, ni kaɗai na bi su da ido. Muka kamo hanya muka dawo Madina. Faisal ya sauke ni nesa da masaukinmu, ya leƙo ta taga ya ce in je in auri gaskiyata.

Shekarar ba a daka gumba ba. Gwangwanayen suka zauna a saman soro babu komai a ciki. Shagon yakan buɗe, amma ba a jin ƙarar keke sosai. Ni kuwa kunya ta hana ni shiga, sai in bi ta bakin lungun in wuce, in je Harami in zauna ina tuhumar kaina. Me ya rage ni da shi in na ce na gani? Tsoho ne, abu ɗaya ya rage masa a shekara, na zo na karɓe. Na ɗauki alƙalami sau da yawa, wata da taurari suka ƙi zuwa. Ana cikin haka matar ɗan Zariya ta aiko mijinta da saƙo daga Safiya. Ta ce in daina wucewa ta bakin shago ina kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ta ce mahaifinta ba ya cin abincin kirki, ita kuma har yanzu ba ta san ko gode mini za ta yi ko ta tsane ni ba, idan ta sani za ta aiko. Wannan saƙon na rayu a kansa wata biyu.

Ana saura 'yan makonni in gama, Faisal ya zo da kansa, bai gaishe ni ba, ya ce Abuya yana kira. Bayan la'asar ne. Na same shi a saman soro, zaune a tabarma kusa da gwangwanayen, ya rame. Daga can ana hango hasumiyoyin Harami. Ya ce in zauna. Ya ce da farko da Faisal ya yi fushi, sannan ya dawo kaina, ya yi kwanaki yana neman laifina. Daga baya ya rasa wanda zai kama sai kansa. Tun idonsa na da kyau, in ji shi, yawanci can sama yake hango su, rana ta mai da su baƙaƙe. Amma sau biyu ko uku sun sauko ƙasa, ya ga farin da idonsa.

“Ka san abin da na ce wa kaina? Na ce ai daga ƙasa mai tsarki suka fito, harami suka ɗaura, sai sun isa gida za su tuɓe.”

Ya yi dariya, ni ma na yi, sannan ya share ido da hannun riga. Ya ce shekara da shekaru yana ba da saƙo a hannun baƙi, shi ya sa ko sau ɗaya amsa ba ta zo ba. Tunda shamuwa ba ta biyowa ta nan, dole wani nasa ya je inda take. Ƙafarsa ba za ta kai shi ba, idonsa ma ko ya je ba zai gani ba. Ya ce ya daɗe yana tsoron ruwan nan, bai taɓa tunanin cewa hanyar da ta kawo mutum tana iya mayar da jininsa ba. Kuma in zai ba wani amanar idonsa, gara wanda ya ga fari ya ce fari, alhali baƙi ne zai ba shi mata. Sai ya ɗaga murya ya kira Safiya. Ta tsaya a bayan ƙofar bene, inuwarta kaɗai nake gani. Ya gaya mata ba umarni yake ba ta ba, tambaya ce, ƙasar tana da nisa, babu Harami, babu 'yan'uwanta, in ta ce a'a magana ta mutu a nan. Ita da kullum da Larabci take amsa masa, ranar da Hausa ta yi magana.

“Zan je, Abuya. In na gan ta zan gaya maka. Shi kuma a ce masa na gama tunani, godiyar ce.”

Kada ku zaci daga nan komai ya zama zuma. Mahaifiyarku ta yi kuka tun daga Jidda har muka sauka Kano. Shekarar farko ta sha wuya, ga zazzaɓi, ga ɗaukar ruwa, ga mata suna dariyar Hausarta. Sau da yawa na same ta zaune tana fuskantar gabas ba sallah take yi ba. Amma da bazara ta kai ƙarshe, wata safiya ta fito shara ta ga wani baƙin tsuntsu a kan tsamiyarmu da tsinke a baki. Ba wanda ya gaya mata. Ta ajiye tsintsiya ta zo ta kama hannuna, ta kai ni ta nuna, ta ce, “Bayan baƙi ne.”

Muka ari rikoda. Ta ɗauki ƙarar da suke yi da baki a kan sheƙa, ta ɗauki ruwan fari yana dukan kwano, ta yi masa bayanin tsuntsun tun daga baki har farce. Sannan muka nemi ƙauyensu gabas da Gumel, muka same shi bayan tambaya mai yawa. Uwarsa ta daɗe da rasuwa. Amma cikin nan da aka bari ya zama wata dattijuwa mai suna Ladi, mai goshinsa sak. Ta ce uwarsu ta ƙirga uku, ta ƙirga goma, daga nan ta daina ƙirgawa, amma ba ta daina fita bakin rijiya ba duk ranar da shamuwa ta sauka. Ladi ta riƙe rikodar da hannu biyu ta ce, “Yaya, ni ce. Ba ka san ni ba.” Sauran abin da ta faɗa nasu ne, ba zan rubuta ba.

Muka ba wani maniyyaci kaset ɗin. Bayan aikin hajji wasiƙar Faisal ta zo, ta farko da ya taɓa rubuta mini. Ya ce Abuya ya saurara har zaren ya tsinke, an ɗaura, ya sake tsinkewa. Ya ce an daka gumba an raba har layi na uku, kuma tsohon ya hau soro ya binne gero duk da lokaci ya wuce, ya sa rikoda kusa da gwangwanayen don su ji ruwan gida. Geron ya tsiro. A ƙarshen wasiƙar Faisal ya rubuta kalma ɗaya da Hausa, da haruffan Larabci: sannu.

Kakanku ya rasu kafin shamuwa ta sake dawowa, an binne shi a Madina. Mahaifiyarku ba ta ƙara ganinsa ba. Wannan shi ne abin da maganata ta bakin teku ta ci, kuma ita ta biya, ba ni ba. Na taɓa tambayarta ko da ta so in yi shiru ranar. Ta ce da na yi shiru da ta zauna kusa da mahaifinta har ƙarshe, shi kuma da ya tafi bai ji muryar ƙanwarsa ba, don haka in daina tambayar abin da ba a auna shi da mudu.

Daga baya wani malamin gona ya gaya mana cewa shamuwa kudu take tafiya da rani, ba gabas ba. Mahaifiyarku tana wurin, ta ji da kunnenta. Duk da haka, ku lura da ita idan kaka ta yi, ranar da suka taru a kan tsamiya za su tashi. Za ku ga ta fito tsakar gida, ta gyara mayafi, ta ɗaga hannun dama. In kun matsa kusa za ku ji abin da take cewa: “Ki gaida Abuya.”